Kunnen Ragon Ardo

Marken Rairai, ƙasar Dogon Kiriya
3 ga Afrilu

Zuwa ga Kawuna Alhaji Mahmuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Sahura da duk mutan gida. Ya zafi, ya gwiwar taka?

Sau uku na kira ka a talho tun da na iso. Biyu babu rezo, layin bai shiga ba, na ukun kuma na yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo, kai kana ta cewa in ɗaga murya. Tunda kunnen ya ƙi, mu koma ga takarda irin ta zamaninku. Ɗantala direba ya ce zai riƙa kai mana, sau biyu a mako yake shiga Dogon Dutsi.

To Kawu, ɗiyarka ta zama shef, shugabar ofis! Kada ka yi dariya. Ofishin kiwon namu ɗaki biyu ne, da firji mai aiki da hasken rana, da babur guda wanda sai an tura yake tashi. Riƙon ƙwarya aka ba ni. Darakta ya ce in na gama rigakafin tumaki da awaki kafin ƙarshen Afrilu zai tabbatar da ni a nan, in kuwa na kasa, in koma biro, babban ofishinmu na Dutsi, in ci gaba da buga masa takardu. Kai ka san yadda na tsani kujerar nan. Shekara huɗu na yi ina karatun dabbobi, na zo na yi biyu a biro, dabbar da nake gani kullum ita ce ƙadangaren taga. Wallahi gara in tare a turken awaki da in koma.

Ma'aikata biyu na tarar. Akwai Kubra, sabuwa ce kamar ni, ba ta da matsala. Sai Rabo, da nake kira Mushe Rabo irin na Faransanci, wanda ya ce kai ka koya masa riƙon sirinji kafin ka yi ritaya. Shekararsa ashirin da uku a nan, kuma na ji a gari kowa ya ɗauka shi za a ba kujerar. Ya tarbe ni dai, amma fuskar nan kamar an kawo masa sammaci.

Don haka ban yi sanya ba, na kira taro tun ranar farko. A horon da aka yi mana a Doso an ce ma'aikatan da ke magana da baki biyu gaban jama'a ba sa gama aiki. Na ce musu in muna fili baki ɗaya ke magana, nawa, mai shawara ya riƙe ta sai mun dawo ofis. Kubra ta rubuta a littafinta. Mushe Rabo ya dube ni ya ce, "To." Ka ga an fara da kyau ke nan.

Bana akwai sabon tsari. Allurar nan sau ɗaya ta ishi dabba har ƙarshen ranta, shi ya sa duk wadda aka yi wa za a ɗan gutsure mata gefen kunne da awartaki, don kada a maimaita mata baɗi. Jibi za mu fara da rugar Ardo Riskuwa, an ce in ya kawo nasa kowa zai kawo.

Ka sa mini albarka. A gaida Inna Sahura, a ce mata yajin da ta ƙulla mini ya kusa ƙarewa tun ban fara aikin ba.

Taka ɗiya,
Raihana
(Shef)


Dogon Dutsi
6 ga Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Raihanatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso hannuna, na karanta sau biyu, na kuma karanta wa Innarki da ƙarfi har ta ce ba ita ce kurmar ba. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Allah ya sanya albarka a wannan matsayi, ya sa ki fi mu. Na ga kin rubuta "Shef" a ƙarƙashin sunanki kada in manta. Ban manta ba.

Labarin gida duk na Kumandan ne, ragon layyata. Kin bar shi yana cin dusa, yanzu ya ƙi ta sai an barbaɗa masa kanwa. Shekaranjiya ya cinye gefen zanen Innarki a kan igiya. Ta ce na fi kula da shi a kanta, tunda shi nake yi wa wanka da sabulu kowace Juma'a. Na ce ai ita tana iya yi da kanta. Ba ta yi mini magana ba har la'asar. Amma ki zo ki gan shi, fari sol, kunnuwan nan har kafaɗa, duk unguwa babu na biyunsa.

Yanzu ga maganarki. Rabo na san shi tun yana saurayi. Yana da "to" ta yarda, yana kuma da wadda yake yi in ya ga mutum ya nufi rami ya hana a yi masa magana. Ni ban ji wadda ya yi miki ba, ke kika ji. Kuma wannan "Mushe" daga ina? Mutumin nan sa'an ubanki ne. Kin je gidansa kin gaida iyalinsa? Kin sha shayinsa? In ba ki yi ba, ki yi kafin ki taɓa kunnen akuyar kowa. Tsarin awartakin nan babu shi a zamanina, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai game da shi, kuma Rabo ya fi ni sanin mutanen yanzu. Ki tambaye shi.

Ardo Riskuwa abokina ne, ni na riƙa yi wa shanun babansa allura. Ki gaishe shi. Ki kula da abu ɗaya, ba ya taɓa ce wa baƙo ya yi laifi. In an ɓata masa rai murmushi yake yi, ya sa a ƙaro nono. Wanda ya sha ƙwarya ɗaya a rugarsa lafiya lau ya rabu da shi. Wanda aka kawo wa ta biyu, ya binciki kansa.

Allah ya yi miki jagora, ya kare ki.

Kawunki,
Mahmuda
(tsohon Shef)


Marken Rairai
10 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida Inna. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina ba daɗi.

Takardarka ta iso bayan an riga an yi ta. Da na kai wurin maganar nono sai na tsaya na yi lissafi. Kawu, ƙwarya uku aka kawo mini.

Ga yadda aka yi. Mun isa rugar da hantsi, muka tarar da dabbobi sun fi ɗari biyar, mutane maza da mata. Ardo ya tarbe mu da kansa, aka shimfiɗa tabarma. Na tashi na yi bayanin allura da na alamar kunne, tiryan-tiryan, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina gamawa sai Ardo ya sa aka jawo wani farin rago, tsayinsa ya kai ƙuguna, an wanke shi tas. Ya tsayar da shi gabana yana murmushi ya ce, "Likita, dubi wanga." Na ce a raina, ka ga shugaba, zai fara da nasa don sauran su bi. Mushe Rabo ya matso ya ce, "Madam, ɗan dakata." Na tuna masa da ido abin da muka yi a taro, ya koma baya. Na yi wa ragon allura, na kama kunne, ƙyas! Har na ɗaga guntun sama don kowa ya ga ba wani abu ba ne.

Ardo ya ƙara faɗaɗa murmushi, ya ce sannu da aiki, rana ta yi zafi, a bari sai gobe. Aka shiga kawo nono, ni kuwa ina ta sha ina godiya.

Washegari muka koma, ko akuya ɗaya babu, wai sun tafi kiwo nesa. Yau kwana biyar ke nan kullum sun tafi kiwo nesa. Abin ya shigo har cikin gari. Matan da suka yi wa Kubra alkawari sun kulle awakinsu a ɗaka, ina tsaye a tsakar gida ina jin kukansu, uwar gida tana rantse mini an kai su kasuwa.

Rahoton da na aika wa Darakta na makon farko dabba ɗaya ce. Ɗaya, Kawu! Ya kira ni ya ce kada in damu, kujerata tana nan ba wanda ya zauna a kai. Saura kwana ashirin. Ga magani cike da firji, ga ciwon nan na zawo da majina an ce ya ɓulla a ƙauyukan yamma.

Ni dai zargina biyu ne. Ko don ni mace ce, ko kuma Mushe Rabo ne ya zuga su saboda kujerar. Kullum zai zo da sassafe ya goge babur, ya zauna ya ce, "Madam, yau ina munka nuhwa?" Ban tambaye shi komai ba, ba zan ba shi wannan daɗin ba. Kai ka san mutanen nan, don Allah ka faɗa mini abin da na yi.

Taka ɗiya,
Raihana


Marken Rairai
11 ga Afrilu

Zuwa ga Shef Mahmuda,

Gaisuwa da ban girma, da hwatan kana lahiya kai da Hajiya. Shef, ka san ni ba mai rubutu ba ne. Amma Ɗantala ya hwaɗa min ɗiyar ga taka tana aiko maka takarda, kuma na san abin da za ta rubuta. Ina so ka ji nawa bakin.

Ragon ga da ta yanke ma kunne, shi ne ragon layyar Ardo. Shekara biyu shina kiwonshi, ko ruwa ba shi bari wani ya ba shi. Duk baƙon da ya zo sai ya hiddo shi a gani a yaba, ka dai san halinshi. Abin da anka so ta ce shi ne "Tubarkalla". Ita ko ta zaro awartaki. Saura wata biyu layya, Shef! Mutanen nan duk sun ɗauka rago mai yankakken kunne ba a layya da shi, kuma mai saye ba shi so. Duk mai rago turke don Salla ya ga abin da anka yi ma na Ardo, ya ce to ni wa? Shi ya sa sunka watse. Ba don tana mace ba, ba kuma ni na zuga su ba. Ko matata Lubabatu ta kai ragonta bayan rumbu ta ɗaure, ni ma ba ta yarda da ni ba.

Na so in tsai da ta, ta harare ni gaban mutane, zuciya ta ɗebe ni na yi shiru. Wanga laihina ne, na sani. Ba ni ɓoye maka, kujerar ga na so ta, kuma na ji zahi da anka ba ta. Amma gaskiya yarinyar ta iya aiki. Hannunta ga allura ya hi nawa sauƙi, ragon ko motsi bai yi ba. Kunne dai ne ba ta da, ta gado ka.

In ta tambaye ni in hwaɗa mata. An ce in riƙe shawara sai an koma biro, to ga mu cikin biro kwana shida, ba a ce in kawo ta ba.

Allah shi ƙara lahiya da nisan kwana.

Yaronka,
Rabo


Dogon Dutsi
13 ga Afrilu

Ɗiyata Raihanatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarki na gaishe ki, ga yaji nan ta ba Ɗantala. Na ga wannan karon ba ki sa "Shef" ba. Ki mayar da shi, ba wanda ya cire ki tukuna.

Na karanta labarinki. Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi dariya har gwiwa ta motsa, daga baya kuma na ji tausayinki. Na san dalili. Ba don ke mace ba ne, kuma ba wanda ya zuga kowa. Ki cire wannan zargin daga ranki, nauyi ne kawai.

Amma ba zan faɗa miki ba. In na faɗa miki yau, gobe wata ta taso, sai ki zauna jiran motar Ɗantala? Ni ina nan Dutsi da kunne ɗaya da rabi, amsarki kuwa tana ofishinki kowace safiya tana goge babur. Shekarata talatin da ɗaya a aikin nan, kuma duk abin kirkin da aka yaba mini a kai, wani na ƙasa da ni ne ya raɗa mini shi. Nawa kawai in ji, in zaɓa, in sa hannu, in abin ya ɓaci in ce ni ne.

Ki sayi sukari da ganyen shayi ki je gidansa. Gidansa na ce, ba ofis ba. Ki bar takalmi a ƙofa, ki bar "Mushe" tare da su. Ki kuma ce masa na ce shi ma bai kyauta ba, zai gane.

Allah ya ba ki sa'a.

Kawunki,
Mahmuda


Marken Rairai
16 ga Afrilu

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da godiya, yaji ya iso, a gode wa Inna.

Na je. Kwana ɗaya na yi ina jin haushinka, washegari na sayi sukarin. Ina yin sallama na hango matarsa Inna Lubabatu ta ja wani rago da gudu ta yi bayan rumbu da shi. Na durƙusa na ce, "Baba Rabo, ina wuni." Ya dube ni, ya dubi ƙofa ko da wani ake. Sai da muka sha shayi na biyu na iya buɗe baki na ce, "Baba, mene ne na yi a rugar Ardo?"

Ya ajiye kofi ya ce, "Ragon layya kinka yanke ma kunne."

Kawu, da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara ashirin da bakwai ina cin naman layya, ban taɓa duba kunnen ragon ba, kullum a tukunya nake haɗuwa da shi. Na ba shi haƙuri a kan hararar da na yi masa. Ya ce shi ma ya yi laifi da ya yi shiru. Na isar masa da saƙonka, ya sosa ƙeya ya ce ya gane. Inna Lubabatu dai ba ta fito da ragon ba har na tafi.

Shi ya kai ni wurin Khalid, wani matashi mai fataucin raguna zuwa Yamai, wanda kuma yake karantar da samari a masallacin kasuwa. Ya ɗauko littafi ya nuna mana cewa in abin da aka yanke bai wuce sulusin kunne ba, wato kashi ɗaya cikin uku, layya ta yi. Namu kuwa bai kai farcen yatsa ba. Har na fara murna sai ya ce, "Hajiya, wannan hukunci ne. Amma mai saye a Yamai ba ya zuwa da littafi. Ya ga kunne da giɓi, ya wuce gaba."

A hanyar dawowa abin ya faɗo mini. Alamar kunne don kada a maimaita allura baɗi ne. To ragon da za a yanka nan da wata biyu, ina ruwansa da baɗi? Na ce wa Baba Rabo me zai hana ragunan layya a shafa musu shuɗin fenti a ƙaho, tumaki mata da awakin kiwo su kaɗai a yi wa kunne. Ya tsaya cak a tsakiyar rairayi ya ce, "To!" Wannan karon na ji bambancin.

Na hau tudun da ake samun rezo na kira Darakta. Ya ce tsari tsari ne. Na ce ranka ya daɗe, a tsarin nan dabba ɗaya na yi cikin kwana goma. Sai ya ce in rubuta in sa hannu da sunana, in an yi tambaya daga sama ni zan amsa. Na rubuta, na sa hannu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuyar. Baba Rabo ya ce ba wanda zai fito sai an gyara ta Ardo, kuma ba a zuwa ba shi haƙuri hannu sake. Sai an kai masa rago kamar nasa, mai kunne lafiyayye. Mun duba kasuwa, mun duba na Khalid, babu ko kusa. Kawu, rago ɗaya na sani a duniya da zai iya tsayawa kusa da na Ardo. Fari sol, kunnuwa har kafaɗa. Na san abin da nake roƙo. Kai sai ka karɓi na Ardo, tunda malamai sun ce ya halatta. Saura kwana goma sha huɗu.

Taka ɗiya mai ƙaton laifi,
Raihana


Dogon Dutsi
18 ga Afrilu

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ban da Innarki da ta ce auren tsoho irina jarrabawa ne.

Na ji daɗin takardarki ƙwarai. Dabarar fentin nan taki ce, ni ban taɓa tunaninta ba, kuma sa hannun da kika yi ya fi mini komai. Sai dai takardar ta iso da azahar. Da ta iso da hantsi, da labarin ya bambanta.

Tun da na ji abin da ya faru na kasa zama. Na je wurin limaminmu, ya faɗa mini maganar sulusin nan da Khalid ya faɗa miki. Na ce to, ɗiyata tana can ita kaɗai ana gudunta, bari in nuna wa duniya ba abin gudu ba ne. Yau da safe na ja Kumandan har inda ake rigakafi a nan Dutsi, na tara mutane, na karɓi awartakin da hannuna. Ƙyas! Niyyata in aika wa Ardo cewa ni ma da irinsa zan yi layya. Na dawo gida ina taƙama, na tarar da Ɗantala a ƙofa da takardarki, kina neman rago mai kunne lafiyayye.

Innarki ta karanta, ta dubi kunnen Kumandan, ta dube ni, ta ce yanzu ta gane inda kika gado shi. Na ba ki shawarar tambaya, ni kuma ban tambayi kowa ba.

Ga shi nan dai a saman motar Ɗantala, ki yi yadda kika ga ya dace. Ba ya shan ruwan da ya kwana, kuma kada ki shanya zane kusa da shi.

Kawunki,
Mahmuda


Marken Rairai
27 ga Afrilu

Kawuna na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna, a ce mata gaskiyarta. Ka yi haƙuri da shirun kwana tara, ban samu zama ba, kuma za ka ji dalili.

Da aka sauko da Kumandan na ga kunnen, na zauna a ƙasa a tasha, ban san kuka zan yi ko dariya ba. Baba Rabo ya karanta takardarka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa shi ke nan, ba mu da abin kaiwa. Ya ce ni ce zan yanke, a je ko a fasa. Na ce a je, ko ba komai haƙurin dai nawa ne, ba na rago ba.

Muka ja Kumandan muka tafi, muka tarar da Ardo a gindin marke da dattawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo ne in faɗi laifina gaban waɗanda na yi shi gabansu. Na ce ya nuna mini ragonsa don in yaba, ni kuma da jahilcina na ɓata masa shi. Daga nan na ce sauran bayanin Baba Rabo zai yi, ya fi ni sanin bakin zaren. Kawu, ashe mutumin nan Fulatanci yake ji kamar a ruga aka haife shi! Mako uku muna tare ban sani ba. Ya yi musu bayanin fenti da na sulusi, ni ina zaune ina kallon kawuna suna gyaɗawa.

Ardo ya saurara har ƙarshe. Ya tashi ya zagaya Kumandan, ya shafa bayansa, ya kai hannu ga kunne, ya tsaya. Ya ce, "Wanga ma an taɓa shi. Na wane ne?" Na ce na Kawuna Mahmuda ne, na ba shi labarin duka, har da maganar Inna. Ya ce, "Mahmuda likita? Shi da hannunshi?" Sai ya fashe da dariya, irin wadda dattawan suka ce sun daɗe ba su ji ba, har rawani ya zame. Ya ce, "Ashe abin na gida ne. Ku duk ragon da kunka gani sai kun taɓa mishi kunne."

Ya sa aka jawo nasa, aka jera su biyu, kowanne da giɓinsa. Ya dube ni ya ce, "Likita, dubi wanga." Na ce, "Tubarkalla, masha Allah." Ya ce, "Yawwa. Ran nan ma shi kaɗai nika jira." Ya ce zai riƙe Kumandan ya yi layya da shi, nasa kuma a kai maka, in akwai laifi ku raba shi ku biyu. Aka kawo nono. Na sha ina satar kallon hanyar bukka. Ƙwarya ɗaya ce, Kawu, ba a ƙaro ba.

Washegari da muka iso, kukan dabbobi muka fara ji tun daga nesa. Na raba aikin uku. Baba Rabo ya ɗauki rugage, Kubra ta ɗauki gidajen mata don ita suke buɗe wa ɗaka, ni na riƙe ƙauyuka da firji. Khalid ya yi shela a kasuwa cewa rago mai shuɗin ƙaho shi zai fara saye, don ya san ba zai mutu masa a mota ba. Yanzu har masu ragon da ba na layya ba suna roƙon a shafa musu. Inna Lubabatu ta kawo nata da kanta, amma ta riƙe kunnuwansa biyu da hannu har aka gama. Kowace yamma muna zama mu uku, kowa ya faɗi abin da ya gani, kuma ni ce ta ƙarshe a magana. Ka san wuyar da hakan yake mini.

Mun wuce dabba dubu huɗu. Saura ƙauye biyu, saura kwana uku. Darakta bai yanke komai ba tukuna, ya dai ce zai zo da kansa ya gani. Ina tsoro, amma ko an mayar da ni biro na san yanzu aikin da nake so in yi da rayuwata. Ka yi mana addu'a.

Taka ɗiya,
Raihana


Marken Rairai
3 ga Mayu

Zuwa ga Alhaji Mahmuda,

Gaisuwa da ban girma, a gaida Hajiya.

Ga ragon Ardo nan bisa motar Ɗantala. Shi ma ba shi shan ruwan da ya kwana.

Mun gama ran talatin da la'asar. Darakta ya zo jiya, ya zagaya, ya ga shuɗin ƙaho ko'ina, ya tambaye ta wa ya yi aikin ga. Ta ce mu ukku. Ya tambaye ni a gehe, na hwaɗa mishi gaskiya. Ya sa hannu ga takarda, ta zauna nan. Kujerar Dutsi sai su nemi mai zama.

Abu guda, Alhaji, ka yi haƙuri. Ka ga ban sa maka Shef bisa takardar ga ba. Shekara ashirin da ukku nike kiranka haka, amma yanzu ina da wata, kuma ga ta can tana kirana in zo mu tura babur.

Allah shi kai mu Salla lahiya.

Naka,
Rabo